Zauren Kwamfuta Ma Yana Bukatar Shara

A ƙasan fuskar kowace kwamfuta mai aiki da Windows akwai wani ɗan maɓalli wanda maƙeransa suka raɗa wa suna Start, watau farawa. In an danna shi sai wani jeri ya buɗe, ya nuna sunayen manhajojin da ke cikin na'urar, kowace da ɗan hotonta a gefe. Wannan jeri shi ne zauren kwamfuta. Ta nan mai gida yake shiga, ta nan baƙo yake yin sallama, kuma kamar yadda akan gane halin gida tun daga zaurensa, haka nan akan gane irin riƙon da ake yi wa kwamfuta tun daga jerin nan. Abin takaici shi ne, a garuruwa irin su Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, zauren kwamfutoci da yawa ya zama juji, kowa ya zo ya zubar da nasa ya wuce, babu mai ɗaukar tsintsiya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. A wata ƙasa watakila haka ne. Inda kowane ma'aikaci yake da kwamfutarsa shi kaɗai, wutar lantarki kuma ba ta ƙiftawa, in mutum ya ga dama ya bar zaurensa a hargitse, shi ya san inda ya jefa kome. Amma a Jalingo ba haka abin yake ba. Wanda duk ya bi ta titin Hammaruwa ko titin Barde, ko ya leƙa shagunan da ke kusa da Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a shekarar 2008, zai ga cewa galibin kwamfutocin da ke wa jama'a aiki na tarayya ne. Mai shago yana taɓawa, yaronsa yana taɓawa, yarinyar da ta zo koyon aiki tana taɓawa, ɗalibin da ya biya kuɗin awa guda shi ma yana taɓawa. A kan na'ura ɗaya ake buga takardar jarrabawar JAMB, a cika fom ɗin neman aikin soja ko na ɗan sanda, a fitar da lambar biyan kuɗi ta Remita, a shirya katin ɗaurin aure, a kuma buga kundin binciken ɗalibin da ke shirin kammala karatu. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan da manhajarsa, mafi yawansu kuma da ranar rufewarsu.

Daɗin daɗawa, minti a Jalingo ba kyauta ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuwa tsaya a nan ba. A watan Afrilu na 2024, sa'ad da ɓarayi suka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Jalingo da Yola sun kwana cikin duhu na tsawon lokaci, masu shaguna suka koma ga janareto ɗungurungum. To, a ce yaron shago yana ɓata minti ɗaya wajen laluben manhaja duk lokacin da aka kawo masa aiki, a ce kuma mutum 40 ne suka shigo a yini. Minti 40 ke nan janareto yana shan mai ba a buga ko shafi ɗaya ba, ga layi ya miƙe har bakin titi, ga wanda ya gaji da jira ya tsallaka shagon maƙwabci.

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati sun san wannan darasi tun kafin zuwan kwamfuta. Jalingo, wadda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893 a matsayin sansanin yaƙi, ta zama babban birnin jiha ne ran 27 ga watan Agusta, 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Ma'aikatan da suka taso daga Yola a wancan lokaci, da fayil-fayil da tafireta suka zo. A kowace ma'aikata akwai ɗakin rajista, akwai kuma akawun da ya san lambar kowane fayil da kabad ɗin da yake kwance. Akawu na ƙwarai ba don kansa yake jera fayil ba, gama shi ko cikin duhu zai iya laluɓo abin da yake nema. Yana jerawa ne domin ranar da ba ya nan, ko ya tafi hutu, ko an yi masa canji, wanda ya gaje shi ya sami abin da babban sakatare ya aiko a kawo ba tare da an aika gida an taso shi ba. Wannan tarbiyya ce ba ta bi ma'aikata zuwa cikin kwamfuta ba. An ajiye tafireta, an sayo na'ura, amma ba a naɗa wa na'urar akawu ba.

Shi kansa maɓallin Start, saboda baƙo aka ƙirƙiro shi. A zamanin Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, babu shi. Manhajoji suna warwatse ne cikin 'yan tagogi, taga a cikin taga, wani lokaci ɗaya ta rufe ɗaya. Wani ma'aikacin kamfanin Microsoft mai suna Daniel Oran, wanda asalinsa ilmin halayya ya karanta a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi aka ɗora wa nauyin gano abin da ke ɗaure wa mutane kai. Ya ba da labari daga baya cewa a ɗakin gwaji sun taɓa kallon wani mutum ya yi kusan minti 20 yana duban fuskar kwamfuta bai iya buɗe manhajar rubutu ba, har wani daga cikin masu shirya manhajar ya fara zargin mutumin da rashin kai. Da aka bincika sai aka tarar injiniya ne a kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing. Ashe laifin ba na baƙo ba ne, gidan ne ba shi da ƙofa. Sai Oran ya kawo shawarar a yi maɓalli guda ɗaya wanda kome zai fara daga gare shi. Da fari an rubuta System a kansa, mutane suka ƙi taɓa shi don tsoro, sa'an nan aka sauya zuwa Start. Da haka ya fito cikin Windows 95 ran 24 ga watan Agusta, 1995.

Daga nan kamfanin ya yi ta sāke fasalinsa. Windows XP ta 2001 ta raba shi gida biyu, ta ba mutum damar liƙa manhajojin da ya fi so a sama. Vista ta 2007 ta ƙara masa gurbin bincike. A 2012 kuwa, cikin Windows 8, sai kamfanin ya yi karambanin rushe zauren baki ɗaya, ya maye gurbinsa da wasu manyan murabba'ai masu launi da suka cika fuskar na'ura. Jama'a suka yi ca a kansa, har tilas ya maido da maɓallin a 2013, ya kuma maido da jerin kansa cikin Windows 10 a watan Yuli na 2015. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ta ɗauke shi daga kusurwar hagu ta kai shi tsakiya. Duk waɗannan iri-iri ana iya cin karo da su a Jalingo, wani lokaci ma a shago ɗaya, domin kwamfutocin gwanjo da ake saro wa daga Ikeja ko Kano ba tsara ɗaya ba ne.

Amma akwai abu guda wanda bai sāke ba tun 1995, shi ne kuma abin da masu amfani da kwamfuta da yawa ba su fahimta ba har yau. Sunayen nan da ake gani a cikin jeri ba su ne manhajojin ba. Alamomin yanke ne kawai. Kowace alama wani ɗan mitsitsin fayil ne wanda nauyinsa bai cika wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba, babu abin da ke cikinsa sai kwatancen inda ainihin manhajar take zaune a can cikin na'ura. Kamar allon da aka kafa a mararraba ne aka rubuta Wukari da kibiya. Allon ba Wukari ba ne. Wanda ya tumɓuke shi bai rushe garin ba, wanda kuma ya saɓa shi a kafaɗa ya kai gida bai kai garin gidansa ba. In alamar tana kan fuskar kwamfuta, akan gane ta da wata 'yar kibiya lanƙwasassa a gindin hotonta.

Rashin sanin wannan yana jawo ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce tsoro. Yaron shago ya ga alama ta ɓace sai ya ɗauka manhaja ta tafi, a kira mai gyara, a biya shi kuɗi ya sāke ɗora abin da ma yana nan, wani sa'in ma ya share na'urar duka, ayyukan mutane su bi ruwa. Ba mutanen Taraba kaɗai abin ya taɓa ruɗawa ba. Ran Jumma'a 13 ga watan Janairu, 2023, wani kuskure da aka yi cikin sabunta manhajar tsaro ta Microsoft Defender ya sa ta dinga share alamomin yanke daga jerin Start a ofisoshi da kamfanoni a ƙasashe da dama. Ma'aikata suka tarar da zaure wayam, hankali ya tashi, alhali kuwa ko manhaja ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Alluna ne aka kwashe, garuruwa suna nan daram.

Ta biyu ta fi ciwo. Ɗalibi ya gama rubuta kundinsa, ya ga sunansa a fuskar kwamfuta, ya ja shi zuwa cikin filash, ya biya kuɗi ya kama hanya. Sai ya isa Gembu a kan tsaunin Mambila, ko Yola, ko ofishin malamin da ke duba aikinsa, ya soka filash ɗin, na'ura ta ce ba ta ga abin da alamar ke nunawa ba. Allo ya ɗauko ya bar gari. Maganin wannan bai fi daƙiƙa goma ba. A danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin, a zaɓi Properties, a dubi nauyinsa da irinsa. Kundi mai shafi 80 ba zai zama kilobayit ɗaya ba har abada.

Har wa yau ta wannan kafa ce wata ƙwayar cuta ta daɗe tana addabar shagunan buga takardu. Da an soka filash a na'urar da ta kamu, sai ta ɓoye fayil-fayil na gaskiya, ta jera alamomin yanke masu sunayensu a madadinsu. Mai filash ya je wani shago ya danna, cutar ta shiga can ma. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce a wanke filash ɗin kawai, nan kuwa garin neman gira a rasa ido, domin fayil-fayil ɗin suna nan a ɓoye, ana iya fito da su in an umarci na'ura ta nuna ɓoyayyun abubuwa bayan an kashe cutar. Kada kuma a raina ɗan fayil ɗin nan don ƙanƙantarsa. Ƙwayar Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta yi ɓarna a masana'antar nukiliyar Iran, ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi ta shiga ita ce wata ɓaraka da ke cikin yadda Windows take karanta alamomin yanke daga filash. Wanda zaurensa yake a share, da baƙuwar alama ta bayyana zai gan ta. Wanda nasa yake cunkushe da tarkace 200, ko ɓarawo ya shimfiɗa tabarma a ciki ba zai lura ba.

Yadda tarkacen ke taruwa kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Kwamfutar gwanjo takan iso da ragowar kayan mai ita na farko. Mai gyara, don ya nuna ya yi aikin kuɗinsa, sai ya ɗora mata duk abin da ke cikin filash ɗinsa, manhajar kallon fim uku, ta buɗe intanet huɗu, ta tsaro biyu waɗanda ma ba sa ga maciji da juna. Kowace manhaja kuma in ta shigo ba ta zuwa ita kaɗai. Takan buɗe wa kanta jaka da sunan kamfanin da ya yi ta, ta zuba alamar kanta, da ta littafin bayaninta, da ta shafinta na intanet, da ta cire ta. Nan ne babbar matsalar take. An jera kayan ne bisa sunan maƙeri, mai nema kuwa da sunan aiki yake nema. Yarinyar da aka ce ta ɗauki hoton takardar shaidar haihuwa ta tura, ba ta san cewa abin da take nema yana ƙarƙashin harafin H ba ne domin HP ce ta ƙera na'urar, ko ƙarƙashin C domin Canon ce. A babbar kasuwar Jalingo babu wanda yake jera rumfuna bisa sunan masu su. Layin 'yan hatsi daban, na mahauta daban, na 'yan atamfa daban, shi ya sa baƙon da ya sauka yau daga Zing ko Karim Lamido yake samun abin da ya zo saye.

To, yaya za a yi sharar? Abu na farko ba a kan kwamfuta ake yinsa ba. Mai shago ko shugaban ofis ya zauna da waɗanda ke taɓa na'urar, su lissafa ayyukan da ake yi da ita a mako. Da wuya su wuce goma, kuma da wuya manhajojin da ake bukata su wuce goma sha biyu. Sauran duka 'yan rakiya ne. Waɗanda aka tabbata ba a bukatarsu sai a cire su ta hanyar da ta dace, watau ta sashen Control Panel ko Settings, domin share alama kawai ba ya rage wa na'ura nauyi ko kaɗan. Wadda ba a san aikinta ba a bar ta tukuna har a tambayi wanda ya sani, gama wasu masu baƙin suna su ne ke tafiyar da firinta ko sauti.

Sa'an nan a zo kan jeri. Windows tana ajiye alamomin nan a wuri biyu, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya na mutumin da ya shiga da sunansa kaɗai, sa'an nan ta haɗa su ta nuna kamar abu ɗaya. In aka danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin R, aka rubuta shell:programs, jakar mutum ɗaya za ta buɗe. In kuma aka rubuta shell:common programs, ta kowa ce za ta buɗe, ita kuwa ba a taɓa ta sai da iznin mai kula da na'urar. Sanin wannan bambanci yana da amfani ƙwarai da gaske a wurin da ake tarayya, domin sau da yawa mai shago yakan gyara nasa ɓangaren ya yi kyau, yaro ya shiga da nasa sunan ya tarar da juji yana nan yadda yake.

A kan Windows 7, wadda har yanzu akan tarar da ita a tsofaffin na'urori ko da yake kamfanin ya daina kula da ita tun ran 14 ga watan Janairu, 2020, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe sabuwar jaka a cikin ta kowa, a sa mata suna, a kwafo alamomin da ake bukata a zuba. Kwafowa aka ce, ba ɗaukewa ba. In aka ɗauke alama daga inda manhaja ta ajiye ta, ranar da aka zo cire manhajar ba za ta ga alamarta ba balle ta tafi da ita, sai a bar mataccen allo yana nuna garin da ya tashi. A kan Windows 10 kuwa wannan dabara ba ta cika ci ba, domin ita ba ta nuna jaka a cikin jaka, kuma takan ɓoye ɗaya in ta ga alama biyu suna nuna abu ɗaya. Abin da ya fi a nan shi ne a yi amfani da filin da ke dama, a cire duk murabba'an wasanni da na talla da suka zo da ita, a liƙa manhajojin aiki da umarnin Pin to Start, a kasa su rukuni-rukuni, a rubuta wa kowane rukuni suna a samansa. Windows 11 ma tun daga 2022 ta yarda a ja alama ɗaya a ɗora kan wata su zama jaka guda, a raɗa mata suna. Sai dai a tuna, abin da aka liƙa na wanda ya liƙa ne kaɗai, dole a maimaita wa kowane mai shiga da sunansa.

Maganar suna ita ce wadda aka fi yin sakaci da ita, ita ce kuma ta fi arha. Babu dokar da ta ce dole a bar sunan Turanci. Jalingo gari ne na Fulani da Mumuye da Jukun Kona da sauran ƙabilu masu yawa, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha. Me zai hana rukuni ɗaya ya zama Rubutu da Wasiƙa, wani Lissafi, wani Hoto da Kati, wani Ɗaukar Takarda, wani Intanet? Windows tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna ba tare da gardama ba. Ita kanta alamar ana iya sauya mata suna daga cikin jakarta, manhajar ba za ta san an yi ba, kamar yadda Wukari ba ta sanin an sāke wa allon mararraba fenti. Wanda ya fi jin Fulatanci ya rubuta da Fulatanci. Abin da ake nema shi ne wanda ya zo jiya ya gane yau.

Samarin da suka goge za su ce duk wannan wahalar banza ce, tun da akwai bincike, mutum ya danna maɓalli ya rubuta harafi uku abin da yake so ya fito. Gaskiyarsu, amma rabinta. Bincike yana yi wa wanda ya san sunan abin da yake nema aiki ne, kuma ya san yadda ake rubuta shi. Mai koyo bai sani ba, shi ya sa yake mai koyo. Bugu da ƙari, a Windows 10 da 11 gurbin binciken yakan tura abin da aka rubuta zuwa intanet, in aka kuskure harafi ɗaya sai ya buɗe wa mutum shafin Bing, ya ci masa data, ya bar shi cikin ruɗani. Abin ban sha'awa ma shi ne, shara tana taimakon binciken kansa, domin da sunan alama yake nema. In an sa wa alama suna Lissafi, wanda ya rubuta lis zai same ta. A ƙarshen 2025 kamfanin ya fara fitar da sabon fasali a Windows 11 wanda yake kasa manhajoji rukuni-rukuni da kansa, wannan kuwa amincewa ce da cewa jerin haruffa kaɗai bai wadatar ba. Amma rukunan da aka yanka a Amurka ba su san cewa a wani shago da ke Mayo Gwoi aikin JAMB ne ke ciyar da gida daga Janairu zuwa Afrilu ba.

Akwai wata jaka ta uku wadda ya kamata a leƙa tun da an ɗauko tsintsiya. Ana buɗe ta da rubuta shell:startup, duk alamar da ke cikinta kuma manhajarta takan tashi da kanta da an kunna na'ura. Ita da sashen Startup na Task Manager su ne sukan sa tsohuwar kwamfuta ta yi minti biyar tana miƙa kafin ta karɓi aiki. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, kowace ɗaukewa kuma sai an sāke kunnawa, wannan miƙar ba ƙaramar asara ba ce.

Nauyin gyaran nan ya fi rataya a wuyan mutum biyu. Na farko masu makarantun koyon kwamfuta. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, iyaye suke tura 'ya'yansu koyo, abin da aka fi koya musu kuwa shi ne danna nan, danna can, a kan na'urar da malam ya riga ya buɗe musu. Yaro ya karɓi takardar shaida bai san bambancin fayil da alamarsa ba. Darasin awa ɗaya ya isa a nuna masa inda alamomin suke zaune, a sa shi ya share ɗaya da hannunsa ya ga manhajar ba ta mutu ba, ya kuma maido da ita. Na biyu shugabannin ofisoshi. In ma'aikaci zai bar kujera akan sa shi ya rubuta takardar miƙa aiki, ya lissafa kujeru da kabad da makullai, har da kwamfuta a matsayin kaya guda. Abin da ke cikinta kuwa, da inda aka ajiye shi, da manhajar da ake shirya albashi ko rahoton wata da ita, babu mai tambaya, sai ranar da aka nema aka rasa a shiga buga masa waya yana can wata ƙaramar hukuma.

Lokacin yin wannan aiki ma ya zo da kansa. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum ran 14 ga watan Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Saboda haka shaguna da ofisoshi za su yi ta kai kwamfutoci wurin masu gyara, ko su sayi wasu. Duk na'urar da aka sāke wa Windows, zaurenta yakan koma yadda kamfani ya yi shi, rukunan da aka sha wahalar shiryawa su tafi. Kafin a miƙa ta, a ɗauki hoton jerin da waya, a kuma rubuta sunayen manhajoji goma sha biyun nan a takarda a ba mai gyara, a gaya masa su kaɗai ake so, kwafi ɗaya kuma a manna a bango kusa da firinta.